Gilasan da Ban Kai Sama Ba

Asma'u ce ta jawo wannan magana, kuma ba ta san ta jawo ba. Kwanan baya aka gayyace mu, mu tsofaffin ma'aikata, mu je mu ga sabon ɗakin gwaje-gwajen da ake koya wa ɗalibai aiki. Na tsaya bayan Asma'un, ɗaya daga cikin ɗaliban, ina kallon yadda take yanka. Ta saka reza sabuwa fil a inji, ta yi 'yan juye-juye, ta zare rezar ta jefa a kwando.

Na ce, "Ɗiyata, mi rezag ga tay yi miki?"

Ta yi dariya ta ce, "Ta dakushe, Baba. Ai aikin ga yanzu ba shi da wuya. Inji ka yin komi. Mu dai namu mu zaɓi mai kyau mu kai ma likita."

Rezar ba ta dame ni ba, ko da yake ni wuƙa ɗaya na yi shekara tara ina wasawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "mu zaɓi mai kyau". Na buɗe baki zan yi magana, sai na rasa ta inda zan fara, aka kira mu cin abinci, aka watse. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don ita da ire-irenta.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Idan likitan fiɗa ya ciro ɗan nama daga jikin mutum yana son sanin abin da ke cikinsa, sai a jefa shi a kwalba da ruwan fomalin a kawo mana. Akwai wani likita na daban wanda aikinsa duba naman ne a madubin likita mai ƙara girman abu, ya faɗi cutar. Amma haske ba ya ratsa tsoka. Dole sai an mai da naman nan siriri fiye da ɓawon albasa, an shimfiɗa a kan ɗan gilashi, an rina shi da shuɗi da ja. Wannan shi ne aikina. Sai ka tsane ruwan naman da barasar asibiti, ka dafa shi cikin narkakken kaki, ka zuba a mazubi ya daskare ya zama ɗan curi kamar guntun sabulu, sannan ka ɗaura a inji ka yanka. Ɗakinmu yana ƙasa, ofishin likitan yana bene, don haka in mun gama sai mu ce za mu kai sama.

Ni ɗan dukawa ne, haifaffen Ƙofar Kware. Mahaifina da fatar jar akuya yake aiki, jaka da kube da matashi. Wata rana, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, Sakkwato ta cika da gine-gine da baƙin fuska, wani mutum mai farar riga ya tsaya a rumfarmu yana neman tsiri na fata mai laushi da zai riƙa goge wuƙa. Sunansa Daniyel, mutumin Zuru, shi ne babba a ɗakin yankan nama na asibitin. Ya tarar ina fere bakin fata da aska. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya tambayi mahaifina ko na yi boko. Aka ce na ɗan taɓa. Bayan sati biyu ina sanye da farar riga ni ma, ta yi mini yawa.

Abu ɗaya na tafi da shi daga rumfa ban da hannu. Mahaifina ba ya barin mai saye ya ga tabo. In fata tana da cizon kaska ko inda wuƙar mahauci ta kuskure, zai zagaye wurin ya yanke, ya jefa a kwandon da ke ƙarƙashin kujerarsa. Yana cewa, "Mutum ya ba ka amana, ba ka miƙa mishi abin da kai kanka ka ƙyama. Mummunan kai ka riƙe shi." Tun ina ƙarami na haddace wannan, kuma har yau ban ga laifinsa ba a wurin fata.

Wata shida Oga Daniyel bai bari na taɓa naman mutum ba. Wasa wuƙa kawai. Wuƙar injin doguwa ce mai nauyi, sai ka goga ta a dutse da mai, gaba da baya, sannan ka kai ta kan fatar nan ta mahaifina. In ka gama sai ya sa bakinta a madubi ya duba. In ya ga giɓi ɗaya, ba ya faɗa, ya dai mayar maka ya ci gaba da shan shayinsa. Da ya yarda da wuƙata, sai ya ba ni hantar rago in koyi yanka. Na yanka hantar rago har na daina cin hanta.

Ku da kuke aiki cikin na'urar sanyaya ɗaki ba ku san abokin gabarmu ba, wato zafin Sakkwato. Kaki da bazara ba sa shiri. Da hantsi ya yi, curin sai ya yi laushi, wuƙa ta riƙa murje shi maimakon ta yanka. Don haka daga sallar asuba nake hawa keke in biya Gidan Igwai in sayo ƙanƙara, in naɗe a buhu, in jera curarrakin a kanta su yi sanyi. In komai ya daidaita, yankan yana fitowa ɗaya manne da ɗaya kamar zare, ka ɗauka da ɗan burushi kana riƙe numfashi, don numfashi ɗaya yana iya tashi da shi. Ka sa a ruwan ɗumi ya miƙe, ka shafa wa gilashi farin ƙwai, ka tallafo shi daga ƙasa. Duk wannan kafin ƙarfe goma.

Aikin da na fara leƙa madubi a kansa na wata yarinya ne daga ƙauyukan fadama, muƙamuƙinta ya kumbura cikin 'yan makonni. Likitan da ke duba gilasanmu mutumin Sudan ne, kowa Basudane yake ce masa, ya iya Hausa irin ta wanda ya koya da girmansa. Ranar yana cikin raha, ya ce in zo in ga abin da hannuna ya yi. Na ga fili shuɗi cunkushe da ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, a tsakaninsu kuma nan da can akwai wasu manya masu haske, kowace da 'yan ɓurɓushi a cikinta.

Ya ce, "Shuɗin nan duk cuta ce, dajin kaluluwa. Masu hasken nan kuma na yarinyar ne, masu tsaron jikinta. Ka ga abin da ke cikinsu? Ƙwayoyin cutar ne suka haɗiye."

Na ji daɗi na ce, "Ashe jikinta na cin nasara."

Ya girgiza kai, ya kira ni ɗan'uwa da Larabcinsu. "A'a, ya akhi. Waɗanda suka mutu da kansu suke kwashewa. Masu rai ba sa taɓa su. Shara kawai suke yi wa cutar."

Na sauko ƙasa ina juya maganar. Mai tsaro ya tarar da ɓarawo a gida, ya ɗauki tsintsiya? Na tambayi Oga Daniyel, ya ce in bar wa likita likitancinsa in je in duba ƙanƙara kada ta narke. Na bari, amma abin bai bar ni ba.

Shekarun nan na farko kaya har sun yi mana yawa. Kaki akwati-akwati daga Turai, rini kwalba-kwalba, gilasai ba a ƙirgawa. Sai abin ya juya. Kuɗin mai suka ja baya, soja suka sake karɓar mulki, aka shiga layin sabulu da madara. Mu ma namu layin ya zo. Oga Daniyel ya yi ritaya ya koma gida, ɗakin ya dawo hannuna daidai lokacin da kakin ya ƙare. Na shiga kasuwa na sayo kyandir, na narkar, na tace lagwanin, na riƙa dafa naman mutane a ciki. Ruwan da muke wanke kaki da shi ya ƙare, na koma kananzir. Rini ina tacewa ina maimaitawa har ya koɗe. Gilasai kuwa in an gama da su sai a jiƙa a kankare a sake amfani da su.

Kyandir ba kaki ba ne. Yana farfashewa, yana barin ƙananan ramuka a cikin nama, yana yagewa. Gilasai suka riƙa fitowa da muni, ni kuwa kunya ta riƙa kama ni. Sai na ɗauki wata ɗabi'a. Duk gilashin da na gama sai in fara dubawa a tsohon madubin da ke ɗakinmu. Mai kyau in kai sama, mai muni in jefa a wani gwangwanin madara da na ajiye ƙarƙashin tebur, in sake yanka wani. Ba wanda ya sa ni. Ni a ganina mutunta likita nake yi, da mutunta mai naman.

Cikin wannan shekara Tukur ya zo. Direban babbar mota ne, yana ɗauko siminti daga kudu, gidansa a Mabera, mutum ne ƙaƙƙarfa mai son raha. Wani ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, ba ciwo, wata da watanni bai baje ba, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, ga rama. Aka ciro ƙullutun, kuma kamar yadda ake yi a lokacin, aka ba shi kwalbar ya kawo da kansa. Ya leƙo ta tagarmu da bandeji a wuya.

"Salamu alaikum. Ga naman wuyana, an ce in kawo ma mai yanka." Ya ƙura mini ido. "Kai ba ɗan Baduku na ba, na Ƙohwar Kware? Tsohonka shi yay yi min rigar kujerar mota, shekara shidda ko zare bai tashi ba. To alhamdu lillahi, na hwaɗa hannun gida. Ka yi min aiki mai kyau irin na tsoho."

Na ce, "In Allah ya so, Malam Tukur, ba ka ganin tabo."

Ƙullutun ya kai girman ƙwan zabo. Na raba shi biyu, na yi curi biyu. Na farko ya yanku lumui, ƙwayoyin a jere, tsaf, kamar an shirya su da hannu. Na biyu kuwa tun a wuƙa na ji shi da gardama, akwai wasu jijiyoyi masu tauri a ciki. Da na rina na duba, sai na ga abin haushi. Ko'ina ƙananan ramuka farare, a tsakiyar kowane rami wani abu ya takure, wani da ɗigo ɗaya, wani da ɗigo biyu kamar idanu. Na ce kyandir ya cuce ni. Na jefa a gwangwani, na sake wasa wuƙa, na ƙara ƙanƙara, na sake yanka. Ramukan nan suna nan. Na narkar da curin na sake zubawa, na yanka, suna nan. Kwana uku ina fama, ina tuna alkawarin da na yi ta taga, har wuƙa ta cinye naman ƙaf, ba abin da ya rage sai farin kyandir. Gilasai shida na yi, duk shidan suka tafi gwangwani. Na ɗauki na curin farko mai kyau na kai sama.

Basudane ya duba ya rubuta abin da ya gani: ba daji, kaluluwa ce da ta kumbura tana faɗa da wata cuta. Likitocin ɗakin jinya suka haɗa wannan da zazzaɓin da ramar, suka ce tarin fuka ne ya sauka a wuya, don shi ne ya fi yawa a wurinmu. Aka ɗora Tukur a kan ƙwayoyi da allura kullum. Da aka ga bai ji sauƙi ba, aka ƙara masa wa'adin allurar. Ita wannan allura an san ta da taɓa kunne.

Bayan wata bakwai na gan shi a barandar asibiti, ƙanensa yana riƙe da shi. Da farko ban gane shi ba. Wuyan ya cika ta gefe biyu, jikin duk shaidar susa, yana tafiya yana dafa bango kamar mai jin jiri. Na gaishe shi, ya kalli bakina ya yi murmushi. Ƙanen ya ce, "Sai ka ɗaga murya. Tun wata ukku da sunka wuce kunnen ya tahi. Mota ma ya aje ta."

Da azahar Basudane ya sauko ɗakinmu, abin da ba ya yi. Ya ce jikin Tukur ya yi rauni, likitan fiɗa ba ya son sake yanka shi in akwai wata hanya. Ya ce, "Takarda ta nuna curi biyu ka yi. Ni ɗaya na gani. Yanko mini na biyun."

Na ce ya ƙare.

"Ya ƙare? Ina gilasansa?"

A nan zan faɗi gaskiya, na yi tunanin in ce sun fashe. Ba wanda zai iya ƙaryata ni. Gwangwanin yana daf da ƙafata, kuma abin da ya hana ni kankare gilasan tuntuni ƙarancin kananzir ne kawai, ba wata hikima ba. Ba tsoron kora ne ya riƙe mini harshe ba, kunya ce, a ce likita ya ga irin ƙazamin aikin da hannuna ya yi. Na sunkuya na jawo gwangwanin, na tsinto shidan da lambarsu, na ce, "Ga su, amma ba su da kyau, Likita. Kyandir ya ɓata su."

Bai hau sama ba. Ya zauna a kujerata ya sa na farko a tsohon madubinmu. Ya daɗe. Ya sa na biyu. Ya cire tabarau ya murza ido, sannan ya ce in zo in duba in gaya masa abin da na gani.

Na ce, "Ramukka na kyandir, da datti ciki."

Ya ce, "Abin da ke cikin ramin nan shi ne cutar. Ita muke nema wata bakwai."

Na ce, "To ramin hwa? Ba aikina na yab ɓaci ba?"

Ya ce, "Ramin ruwan fomalin ne ya yi shi, ya sa ƙwayar ta takure ta bar fili. Ka yi gaskiya, lahani ne na aiki. Amma wannan ƙwayar ce kaɗai take takurewa haka. Da lahanin muke gane ta."

Kaina ya ɗaure. Ke nan na yi daidai da na ce aibi ne, kuma aibin shi ne amsar. Ban gama da wannan ba ya ƙara mini wani. Ya ce in dubi abin da ke kewaye da ramukan. Na ga ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa dubbai, da wasu masu ja-ja, sun yi wa kowane rami zobe.

"Waɗannan duk lafiyayyu ne," in ji shi. "Masu tsaron jikin Tukur ne. Wannan wani irin dajin kaluluwa ne, ba irin na yarinyar nan da ka gani da ba. A nan, cikin ƙwaya ɗari da ƙyar ka sami ɗaya ko biyu ta cuta. Sauran duk nasa ne."

"To Likita, in su ɗari na ita guda, mi ah hana su kashe ta?"

"Ita ta kira su."

"Ta kira su su kashe ta?"

"Ta kira su su zauna. Suna zuwa da shirin faɗa, sai su kewaye ta, su riƙa ba ta abin da take rayuwa da shi. In ka raba ta da su, da wuya ta rayu. Har zazzaɓin da ƙaiƙayin nan, yawancinsa daga saƙonnin da suke aika wa juna ne."

Na ce, "Ke nan kumburin da ag ga wuyan Tukur ba cutar ta ba, masu taimako na?"

Ya ce, "Yawancinsa, i."

"To wa za a ba magani, ita ko su?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ya akhi, ba mu ma san 'yar gidan wa ce ita ƙwayar ba. Waɗanda suka fi ni suna can suna gardama." Ya tattara gilasan ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Rabin laifin nawa ne, na ga an rubuta biyu na karɓi ɗaya ban tambaya ba. Amma daga yau duk abin da wuƙarka ta yanka ya hau sama. Kai ba ka san mai kyau ba. Ni ma ban sani ba sai na duba."

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini zafi a duk shekarun aikina, kuma ita ce ta fi gaskiya.

Aka tura Tukur Zariya, inda ake da maganin irin wannan cuta. Ya yi watanni yana zuwa yana dawowa, gashinsa ya zube ya sake fitowa, wuyan ya baje sarai. Basudane ya ce wannan dajin yana cikin masu jin magani, da an gano shi tun farko da ba a kai ga haka ba. Kunne kuwa bai dawo ba, jirin ma bai sake shi gaba ɗaya ba. Mutumin da ya san kowane rami a hanyar kudu ya koma zama kan benci a Gidan Igwai, yana sayar da baƙin mai da bel na mota, daidai inda nake sayen ƙanƙara.

Ranar da na fara ganinsa a wurin na jingine keke na ce yau sai na gaya masa. Yana hango ni ya miƙe yana dafa tebur, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Jama'a, ga shi nan! Ga ɗan Baduku! Likita ya ce ma ƙanena shi na yah hiddo gilashin da anka gane ciwona. Ba don shi ba da yanzu an manta da ni. Na ce muku aikin gidansu ba shi da tabo!"

Na ce, "Malam Tukur, ni na ɓoye shi tun hwarko."

Ya ce, "Amin, amin."

Na matsa kusa da kunnensa na dama na faɗa da ƙarfi. Na zagaya na hagu na sake faɗa, har masu shayi suka juyo suna kallo. Ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi, ya zaro goro fari ya danƙa mini. Masu shayin sun ji, na tabbata, amma kowa ya mai da ido kan kofinsa. Na karɓi goron na hau keke, ƙanƙarar tana ɗiga a bayana.

Ranar nan da muka je sabon ɗakin, ɗaliban sun nuna mini wani rini mai ruwan ƙasa da ke kama ƙwayar nan ita kaɗai, ta fito fili ko makaho ya gani. Sun ce yanzu an gano asalinta, wai ita ma ɗaya ce daga cikin masu tsaron, ta lalace. Sun ce tana da wani abu a jikinta da take taɓa 'yan'uwanta da shi hannunsu ya mutu, kuma an yi maganin da ke hana ta taɓa su. Na saurara da kyau, na gyaɗa kai. Amma in kun tambaye ni, har yanzu ban gane ba. Ban gane yadda abu zai taso da niyyar taimako, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya zama shi ne kumburin ba. Sun sake yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa tsoho, na ce na gode.

Na san abin da Asma'u za ta ce in ta karanta wannan: Baba, me ya hana ka rubuta masa? Tukur ya iya ajami, da shi yake rubuta sunayen kayansa. Na sani. Na rubuta masa takarda, a makon da ya ba ni goron ma. Da na karanta sai na ga duk na ɗora wa kyandir laifi, na ajiye na ce zan gyara. Ta biyu ta yi tsawo. Ta uku tawada ta zuba a kai. Wata kuma na ga ta yi tsirara da yawa, ba a miƙa wa mutumin da ke ba ka goro irin wannan magana haka. Kullum da safe ina wucewa, yana ɗaga mini hannu, ina cewa sai na sami wadda ta yi kyau. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a bencin nan. Ya aurar da 'ya'yansa biyu, ni na yi waliccin ɗaya bisa roƙonsa. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, aka kai shi makwancinsa.

Gwangwanin yana nan a ɗakina. Basudane ya mayar mini da gilasan kafin ya koma ƙasarsu, ya ce in riƙe. Jibi zan kai wa Asma'u su shida, ta sa a sabon madubinta. Rinin ya koɗe, amma ramukan suna nan, ta duba ta gaya mini wanne ne mai kyau. A ƙarƙashinsu akwai takardu tara a naɗe. Su ban san wa zan kai wa ba.